Tarihin Shehu Magili, Malamin Da Ya Nuna Wa Sarakuna Iyakar Ikonsu

Duk wanda ya shiga tsohon birnin Kano ya bi lungunansa a ƙasa, zai riƙa jin sunayen unguwanni irin su Zaitawa, da Mandawari, da Sheshe, da Sharifai. Yara suna faɗin sunayen nan kullum a kan hanyarsu ta zuwa makaranta, amma kaɗan ne daga cikinsu suka san asalinsu daga malamai baƙi ne, waɗanda suka ƙetaro daji da hamada da littattafansu suka sauka a nan. Mutanen birni suna danganta Zaitawa da Abdurrahman Zaite, shugaban Wangarawan da suka zo daga Mali, wanda littafin Tarihin Kano ya ce shi ne alƙalinsu. Sharifai kuwa mazaunin zuriyar wani malami ne da ya fito daga arewa, watau Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, wanda Kanawa su ke kira Shehu Magili. Tarihinsa za mu bayar yau.

Ga dalilin da ya sa muka zaɓe shi. A jami'o'in zamanin nan akwai wani fannin shari'a da a ke kira dokar ƙasa da ƙasa, watau ƙa'idodin da ke tsare zama tsakanin wata ƙasa da wata: yaushe yaƙi ya halatta, yaya a ke ƙulla sulhu, mene ne haƙƙin jakada, da baƙo, da fatake, da wanda aka kama wajen yaƙi. Galibi in za a koyar da shi, da sunan Hugo Grotius a kan fara, mutumin Holan wanda ya buga littafinsa na dokar yaƙi da zaman lafiya cikin 1625. Sabo da haka ɗalibi ya kan fito yana zaton ilmin nan a jirgin ruwa ya zo mana. Alhali kuwa malaman fiƙihu suna da babinsa tun da daɗewa, suna kiransa siyar, har Imamu Muhammadu Shaibani, almajirin Abu Hanifa, wanda ya rasu cikin 805, ya yi masa littafi sukutum. Shehu Magili yana cikin waɗanda suka kawo irin wannan bincike ƙasashenmu, suka zauna gaban sarakuna suka yi aiki da shi. Cikin rayuwarsa akwai inda ya tsare mutane da ilmin nan, akwai inda ya cuce su da shi, akwai kuma ranar da aka tsare waɗansu daga fushinsa shi kansa.

Asalinsa Da Karatunsa

An haifi Shehu Magili wajen shekarar 1440 a ƙasar Tilimsan, wadda ke yammacin Aljeriya ta yanzu. Ƙabilarsa Magila, ɗaya daga cikin ƙabilun Barbar na Afirka ta Arewa, daga nan sunansa ya fito. Tilimsan a lokacin nan babban birnin sarauta ne mai yawan makarantu, kuma daga can ayari ya kan tashi ya nufo kudu neman zinariya. Ya yi karatu wurin Shehu Abdurrahman Sa'alabi, mashahurin mai tafsiri na birnin Aljaza'ir, da kuma wurin Shehu Yahaya ɗan Yadir, wanda ya yi alƙalanci a Tuwat. Bisa mazhabar Maliku ya tashi, ita ce kuwa mazhabar ƙasashen Hausa.

Allah ya ba shi kaifin basira da ƙarfin zuciya. Ya yi rubutu cikin tafsiri, da hadisi, da fiƙihu, da ilmin manɗiƙi, watau ilmin tsara hujja. A kan manɗiƙin nan ne suka yi musayar wasiƙu da Shehu Jalaluddini Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu cikin 1505. Suyuɗi yana ganin bai kamata Musulmi ya karanta shi ba, tun da ya ke daga Yunanawa ya fito. Shehu Magili ya ƙi yarda, ya nuna gaskiya ba ta ɓaci don bakin da ta fito, abin dubawa shi ne ko hujjar ta tsaya. Duk da saɓanin nan, da girmamawa suka yi ta amsa wa juna.

Zamanin da ya tashi kuwa zamanin tsoro ne ga Musulmin yamma. Mutanen Fotugal sun ci Sabta tun 1415, suka ƙara da Tanja cikin 1471, sa'an nan cikin 1492 Garnaɗa ta faɗi, mulkin Musulmi ya ƙare a Andalus. Malamai da yawa suna ganin sakacin sarakuna ne ya jawo haka. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai fi gane zafin Shehu Magili, ko da ya ke gane dalilin abu daban ne da wanke shi.

Rikicin Tuwat

Daga Tilimsan ya koma Tuwat ya zauna a garin Tamanɗiɗ. Tuwat jerin garuruwan dabino ne a tsakiyar hamada, mahaɗar hanyoyin ayari masu zuwa Tambutu, da Gawo, da Azbin. Akwai Yahudawa a can tun da daɗewa, suna fatauci da ƙirar zinariya. Wani ɗan kasuwa mutumin Janowa ta ƙasar Italiya, Antonio Malfante, ya rubuto wasiƙa daga Tuwat cikin 1447, ya ba da labari Yahudawan suna zaune lafiya ƙarƙashin kariyar manyan gari, kuma ciniki da yawa ta hannunsu ya ke bi.

A shari'a, wanda ba Musulmi ba in yana zaune ƙarƙashin mulkin Musulmi, yana da alkawarin amana, wanda a ke kira zimma. Yana biyan jiziya, a tsare masa ransa da dukiyarsa da addininsa. Shehu Magili ya tashi ya ce Yahudawan Tuwat sun warware alkawarin nan da kansu, sabo da sun shige jikin masu mulki, ba su kuma biyan jiziya yadda littattafai suka tsara. Ya ce ɗakin ibadarsu na Tamanɗiɗ bai halatta ya tsaya ba. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Asnuni, ya ƙi. Shi a ganinsa mutanen nan suna nan cikin amanarsu kamar 'yan'uwansu na sauran birane, ba kuwa wanda ya isa ya rushe abin da magabata suka tarar suka bari.

To, sai aka yi abin da malamai su kan yi, aka rubuta tambaya aka aika Tilimsan da Fas da Tunis. Amsoshi suka dawo sun rabu biyu. Ibnu Zakari, muftin Tilimsan, yana cikin waɗanda suka hana rushewa. Shehu Tanasi ya goyi bayan Shehu Magili, Shehu Sanusi kuma, mai littattafan tauhidin nan da a ke karantawa a zaurukanmu, wanda ya rasu cikin 1490, ya aiko da wasiƙar yabo. Fatawoyin nan ba su ɓace ba, domin Shehu Wansharisi, wanda ya rasu cikin 1508, ya tattara su cikin babban littafinsa Mi'iyar.

Da amsar da ya ke so ta iso, Shehu Magili bai tsaya a ƙare muhawara ba. Ya tara jama'arsa suka rushe ɗakin ibadar. Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rubuta tarihinsa cikin littafin Nailul Ibtihaji, ya ambata har lada ya sa, misƙali bakwai na zinariya ga duk wanda ya kashe Bayahude. Aka kashe waɗansu, saura suka watse, jama'ar da ta yi ɗaruruwan shekaru a wurin ta ƙare. Wannan shi ne baƙin tabo cikin tarihinsa, bai kuwa kamata a ɓoye shi ba. Mas'ala ce wadda manyan malamai suka saɓa a kanta, alƙalin gari ya yi hukunci, amma mutum guda ya zaɓi fatawar da ta yi masa daɗi ya zartar da ita da takobi, a kan mutanen da ba su da sarki ko runduna sai alkawari.

Bayan wannan ya tafi Fas ya yi jayayya da malaman fada, bai sami karɓuwa ba. Daga nan ya juya fuskarsa kudu.

Zuwansa Kano

Ya fara sauka ƙasar Azbin, ya koyar a Takedda. Cikin waɗanda suka ɗauki karatu wurinsa akwai Aƙibu Anusammani, da kuma Aida Ahmad Tazakti, wanda daga baya ya zama alƙalin Katsina. Daga Azbin ya shigo ƙasar Hausa, ya zauna Kano da Katsina.

Sarkin Kano a lokacin shi ne Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Shi ne ya gina Gidan Rumfa, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya tsara majalisar nan ta Tara ta Kano. Birnin kuwa ba a rasa malamai ba kafin baƙon ya iso. Littafin Tarihin Kano ya sa zuwan Zaite da Wangarawa tun zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Wani littafin kuma, Asalin Wangarawa, wanda aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 17, ya ce zamanin Rumfa suka iso, har suka haɗu da Shehu Magili a birnin. Ko wanne aka ɗauka, magana guda ce: karatun fiƙihu ya shigo Kano ta ƙofa biyu, ta yamma daga Mali, ta arewa daga Magrib, suka gamu cikin ganuwa ɗaya.

Tarihin Kano ya ce Shehun ya zo da littattafai masu yawa, ya umurci Rumfa ya gina masallacin Juma'a, ya sa aka sare itacen da a ke tsafi a gindinsa aka gina hasumiya a wurin. Amma abin da ya fi daɗewa cikin aikinsa takardu biyu ne da ya rubuta wa Sarki. Ɗaya wasiƙa ce ta shekarar Hijira 897, watau 1491 zuwa 1492, a kan irin horon da ya halatta sarki ya yi don hana ɓarna. Ɗayar kuwa ita ce Tajuddini, littafi ƙarami mai babi takwas a kan abin da ya wajaba ga sarakuna.

Babi na fari a kan kyautata niyya ne, na biyu a kan kamun kai da kwarjini, na uku a kan tsara ma'aikatan mulki, na huɗu a kan tsantseni a gida da wajen tafiya, na biyar a kan binciken al'amura, na shida a kan adalci wajen hukunci, na bakwai a kan tara dukiya ta hanyar halal, na takwas a kan yadda za a kashe ta. Ya yi ta maimaita gargaɗi guda daga babi zuwa babi, cewa ba abin da ke jawo wa ƙasa masifa kamar sarki ya shige ya ɓuya wa talakawansa. Cikin ma'aikatan da ya lissafta akwai mashawarta, da ma'aji, da magatakarda, da masu lissafi, da manzanni, da masu tsaro. Duk akawun da ya taɓa riƙe littafin kuɗi zai ga kansa cikin babi na uku da na bakwai, domin Shehun ya nuna dukiyar baitulmali amana ce a hannun sarki, kuma ya hana karɓar toshi don naɗi ko don hukunci.

Game da sha'anin waje, ya hori sarki da ya san halin maƙwabtansa kafin su san nasa, ya tanadi ganuwa da dawaki da abinci, kada kuma ya yi ragwanci. Shari'a ta riga ta hana taɓa jakada ko da daga abokan gaba ya fito. Shehu Magili ya ƙara da gargaɗi cewa manzannin da ke zuwa da kyauta galibi idanun masu aiko su ne, sabo da haka a sallame su da wuri. A nan an ga bambancin zamani, domin yarjejeniyar Biyana ta 1961 ta tsara zaman jakadu na dindindin a ƙasashen juna, tare da kariya gare su da gidajensu. Amma damuwar ɗaya ce, yadda za a karɓi baƙon sarauta da mutunci ba tare da ƙasa ta cutu ba. Maganar nan kuwa ta shafi Rumfa ƙwarai, domin Tarihin Kano ya ce a zamaninsa aka yi yaƙin fari tsakanin Kano da Katsina, shekara 11 ba wanda ya rinjayi wani.

Da zai tashi, ya bar ɗansa Isa, wanda a ke kira Sidi Fari, a madadinsa. Sarautar Sidi Fari ta zama ta shugaban Sharifan Kano.

Tambayoyin Askiya

Daga ƙasar Hausa ya nufi Gawo, babban birnin Songhai, a bakin kogin Kwara. Sarkin da ya tarar shi ne Askiya Muhammadu, wanda ya ƙwace mulki cikin 1493 daga hannun ɗan Sunni Ali, ya tafi aikin hajji cikin 1496, ya dawo cikin 1498. Askiya sabon sarki ne mai babbar runduna, yana kuma da abubuwan da ke damunsa. Ya rubuta tambayoyi bakwai ya ba Shehun, shi kuwa ya amsa su ɗaya bayan ɗaya. A cikin amsoshin nan ne iliminsa na zaman ƙasa da ƙasa ya fi fitowa fili.

Askiya ya so ya san waɗanne ƙasashe ne ya halatta ya kai wa yaƙi. Shehu Magili ya kasa masa ƙasashen Musulmi kashi uku. Kashi na fari, ƙasar da ba ta da shugaba, kowa yana yin abin da ya ga dama. Waɗannan sai a kira su su shiga ƙarƙashin shugaba, in sun ƙi a tilasta su. Kashi na biyu, ƙasar da ta ke da sarki mai kula da addinin mutanensa da zamansu gwargwadon iyawarsa. Wannan ba ya halatta talakawansa su fita daga biyayyarsa, ba ya kuma halatta wani sarki ya yi jayayya da shi a kansu, kome ƙarfinsa. Kashi na uku, ƙasar da sarkinta azzalumi ne, mai karɓar harajin da shari'a ba ta sani ba. A nan ya ba da izinin a kawar da zaluncin, amma da sharaɗi: sai an auna, in cutar da yaƙin zai jawo wa talakawa ta fi wadda su ke ciki, to, a ɗauki mafi sauƙin cutarwa biyun.

Mai karatu ya dubi kashi na biyu da na uku da kyau. Tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya hana wata ƙasa ta afka wa wata, ya kuma hana shiga sha'anin cikin gidan ƙasashe. Tsarin Tarayyar Afirka na 2000 kuwa ya ba Tarayyar ikon shiga ƙasar da a ke kisan ƙare dangi ko manyan laifuffukan yaƙi. Tsakanin ƙa'idodin nan biyu masana su ke ta kai da kawowa har yau, ita ce kuwa matsalar da aka shimfiɗa a fadar Gawo shekara 500 da suka wuce.

Amma kada mu yi wa tarihi ƙari. Ma'aunin Shehu Magili addini ne, kariyar da ya ba sarki na kashi na biyu ta sarki Musulmi ce, dokar zamanin nan kuwa ta ɗauki ƙasashe duka daidai ko wane addini su ke bi. Ya kuma yanke hukunci cewa Sunni Ali da manyan mataimakansa sun fita daga Musulunci sabo da gauraya shi da tsafi, ya ce yaƙar masu irin wannan gaurayawa ya fi yaƙar waɗanda ba su taɓa musulunta ba. Hukuncin nan ƙofa ce mai faɗi, kowane mai neman dalilin yaƙi yana iya shiga ta cikinta. A gefe guda kuma ya ƙarfafa wa Askiya gwiwa a kan sakin waɗanda aka bautar alhali suna da'awar su 'ya'ya ne Musulmi, ya hori a daidaita mudu da ma'auni a kasuwanni, ya kuma gargaɗe shi da miyagun malamai masu halatta wa sarki abin da ransa ke so.

Ranar Da Shari'a Ta Tsaya Masa

Yana nan Gawo sai labari ya iso an kashe ɗansa a Tuwat, aka kuma danganta kisan da ɓangaren Yahudawa. Baƙin ciki ya rufe shi. Ya nemi Askiya ya kama dukan mutanen Tuwat da ke zaune Gawo, aka kuwa kama su. Fatake ne baƙi, suna nesa da garinsu tafiyar makonni cikin hamada, ba abin da ya haɗa su da kisan sai sunan gari.

Sai Mahmudu ɗan Umaru Aƙit ya tashi. Shi ne alƙalin Tambutu tun daga 1498, a lokacin bai kai shekara 40 ba, Shehu Magili kuwa ya girme shi nesa, ga shi baƙon Sarki, sunansa ya cika ƙasa. Duk da haka Alƙali Mahmudu ya ƙi yarda da kamun, bisa hujjar cewa mutanen nan ba su aikata kome ba, shari'a kuwa ba ta ɗora wa wani laifin wani. Shehu Magili ya janye, aka sake su. Ahmad Baba, wanda ya ba da labarin, jikan ɗan'uwan Alƙali Mahmudu ne.

Ƙa'idar da alƙalin ya tsaya a kanta ita ce aka rubuta cikin yarjejeniyar Janiba ta huɗu ta 1949, sashe na 33, inda aka hana hukunta mutum a kan laifin da ba shi ya yi ba, aka kuma hana horon jama'a a dunƙule. A Tuwat alƙali ya yi magana ba a saurare shi ba, aka zub da jini. A Gawo alƙali ya yi magana aka saurara, fatake suka koma rumfunansu. Littattafan da ke hannun alƙalan nan biyu iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne a Gawo akwai sarki mai jin maganar alƙali, kuma a wannan karon malamin da kansa ya karɓi gyara daga wanda bai kai shi shekaru ba. Wannan ma a rubuta masa shi.

Daga Gawo ya koma Tuwat, can ya rasu wajen shekarar Hijira 909, watau 1503 zuwa 1504. Kabarinsa yana cikin zawiyar da a ke kira da sunansa, a lardin Adrar na Aljeriya.

Abin Da Ya Bari

Rubutunsa bai kwanta tare da shi ba. Mutanen Tuwat sun aika wa Ahmad Baba tambaya a kan bayin da a ke kawowa daga kudu. Ya amsa cikin littafin Mi'irajus Su'udi na 1615, ya lissafta Kano da Katsina da Barno da Songhai cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba, ya kuma nuna launin fata ba shi ne dalilin bauta ba. Irin binciken da Shehu Magili ya fara ke nan, na sanin hukuncin kowace ƙasa da mutanenta.

Bayan shekara 300 da rasuwarsa, shugabannin jihadin 1804 suka ɗauko takardunsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da amsoshin Askiya cikin Sirajul Ikhwani, ya kuma kawo wasiƙar Rumfa cikin Tanbihul Ikhwani. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rubuta wa Kanawa Liya'ul Hukkami sa'ad da ya sauka birnin, shi ma ya ɗebo daga gare shi. Da yaƙi ya kai Barno, Shehu Muhammadu Aminu Alkanemi ya rubuto yana tambayar hujjar yaƙar ƙasar da ta daɗe cikin Musulunci, Muhammadu Bello ya amsa, ya kuma adana wasiƙun cikin Infaƙul Maisuri na 1812. Gardamar tasu a kan ƙofar nan ce da Shehu Magili ya buɗe, watau yaushe saɓo ya ke zama kafirci har ya halatta yaƙi. Wanda ke neman misalin muhawarar dokar ƙasa da ƙasa a ƙasarmu, ga ta nan a rubuce.

A zamanin Turawa, T. H. Baldwin ya fassara Tajuddini da Turanci, aka buga a Bairut cikin 1932. Cikin 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano don horon alƙalai, wadda ta zama Makarantar Ilmin Larabci cikin 1947. Wani ɗan ƙasar Kano, Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda ya zama Babban Alƙalin Alƙalai na Jihar Kano, ya sami digirin dakta a Jami'ar Landan cikin 1972 da bincike a kan rayuwar Shehu Magili da al'amarinsa da Yahudawan hamada. John Hunwick kuma ya buga amsoshin Askiya da fassara da sharhi cikin 1985. A shekarar 1972 ɗin nan ce har wa yau Taslim Olawale Elias ya fitar da littafinsa a kan rabon Afirka cikin ginuwar dokar ƙasa da ƙasa, shi ne kuwa ya zama ɗan Afirka na fari da ya shugabanci Kotun Duniya ta birnin Heg, daga 1982 zuwa 1985.

Jan Hankali Ga Malamai Da Ma'aikata

Nijeriya ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ran 7 ga Oktoba, 1960, tun daga ran nan kuwa ta ke bukatar 'ya'yanta masu sanin dokar ƙasa da ƙasa, waɗanda za su zauna da na sauran ƙasashe a yi yarjejeniya ba a cuce mu ba. Yaron da zai yi wannan aiki yana zaune yanzu a ajin wani malami. In an koya masa Grotius da Janiba, daidai ne, wajibi ne ma. Amma a haɗa masa da Shaibani, da Tajuddini, da tambayoyin Askiya, da wasiƙun Bello da Alkanemi, don ya shiga fannin yana sane da kakanninsa sun riga sun yi gumi a kansa.

In za a koya masa tarihin Shehu Magili kuwa, a koya masa dukansa, da Kano da Tuwat da Gawo. Yaron da aka ba rabin labari, ran da ya ji sauran a bakin wani sai ya daina yarda da malaminsa. Kuma a cikin sauran ne darasi mafi amfani ya ke ga duk mai riƙe da alƙalami ko hatimi: doka ba ta tsare baƙo da marar ƙarfi sai an sami wanda zai faɗe ta gaban babba lokacin da babban ya ke fushi. Malamin makarantar da ke cikin birni yana iya fara darasin nan ba da kashe ko kwabo ba. Ya ɗebi yaransa ran wata Asabar, su taka daga Zaitawa zuwa Sharifai, su ɓulla Gidan Rumfa, yana gaya musu su wane ne suka bi hanyar nan kafinsu, da abin da suka rubuta.

Allah ya gafarta wa magabata kurakuransu, ya ba mu amfanin abin da suka bari na alheri, amin.